Alfred Nobel: Attajirin nakiya da likitoci suka rubuta wa nakiya a matsayin magani

A ranar 10 ga Disambar kowace shekara, lokacin da hunturu ya kankama, manoman citta a Kachia da Jaba da kewayen Kafanchan na shanya amfaninsu, 'yan asalin yankin da ke aiki a Abuja kuma na lissafin kuɗin mota domin zuwa gida hutun ƙarshen shekara, can a birnin Stockholm sarkin Suwidin ne ke miƙa lambobin yabo ga masana da marubuta. A irin wannan rana ce Alfred Nobel ya rasu a 1896.

Akasarinmu mun san sunan ne ta dalilin Wole Soyinka, wanda ya karɓi kyautar adabi a 1986. Kaɗan ne suka san cewa mai sunan ya ƙare rayuwarsa da ciwon jijiyoyin jini, irin wanda ke kwantar da ma'aikata da iyayensu a yau, kuma maganin da likitoci suka rubuta masa shi ne sinadarin da ya yi arziki da shi wajen fasa duwatsu. Sai bayan shekara 102 da rasuwarsa kyautar da ya kafa ta karrama mutanen da suka gano abin da wannan sinadari ke yi a cikin jiki.

Yaro mai laulayi a gidan da arziki ya karye

An haifi Alfred Bernhard Nobel ranar 21 ga Oktoban 1833 a Stockholm. A shekarar ce mahaifinsa, Immanuel Nobel, injiniya mai son ƙirƙire-ƙirƙire, ya yi karayar arziki. A 1837 uban ya bar iyalinsa ya tafi neman sa'a, har ya yada zango a birnin St. Petersburg na Rasha. Mahaifiyar, Andriette, ta riƙe gidan da ɗan kantin kayan masarufi. Cikin 'ya'ya takwas da suka haifa, maza huɗu ne kawai suka girma: Robert da Ludvig da Alfred da Emil. Alfred ya tashi yaro ne mai yawan laulayi, kuma rashin lafiya bai rabu da shi ba har tsufansa.

A Rasha ƙofa ta buɗe wa Immanuel. Ya kafa masana'anta, ya shiga ƙera wa sojojin ruwan Sarkin Rasha nakiyoyin da ake binnewa a teku. A 1842 ya aika iyalinsa suka same shi. Aka ɗauko wa yaran malamai har gida. Kafin Alfred ya cika shekara 17 yana magana da harsuna biyar: na Suwidin da Rashanci da Faransanci da Ingilishi da Jamusanci. Zuciyarsa ta karkata ga adabi da rubuta waƙa, abin da bai yi wa uban daɗi ba, don haka a 1850 aka tura shi ƙetare ya koyi ilimin haɗa sinadarai.

A birnin Paris, a ɗakin gwaje-gwajen Farfesa Pelouze, ya haɗu da wani ɗan Italiya mai suna Ascanio Sobrero. Shekara uku kafin nan, a 1847, Sobrero ya haɗa wani ruwa mai kama da mai, wanda aka sa wa suna naitirogilisarin. Ƙarfin fashewarsa ya ninka na albarushi nesa ba kusa ba, amma ba shi da tabbas: girgiza ko zafi kan iya tayar da shi. Sobrero ya tsorata da abin da ya ƙirƙira, ya yi ta gargaɗin a guje shi. Ya kuma lura da wani abu da ba a ba muhimmanci ba a lokacin: ɗan ɗigo kaɗan a kan harshe yana jawo matsanancin ciwon kai.

Ruwan da ya ci ƙaninsa

Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856 ya kawo wa masana'antar Immanuel ciniki. Da yaƙi ya ƙare, gwamnatin Rasha ta daina sayen kaya, arziki ya sake karyewa. Uban ya koma Suwidin a 1859. Robert da Ludvig suka zauna a Rasha, inda daga baya suka zama manyan attajiran man fetur a Baku. Shi kuwa Alfred sai ya duƙufa kan tambaya ɗaya: yaya za a sa naitirogilisarin ya fashe a lokacin da ake so, kuma a lokacin kaɗai?

A 1863 ya samo rabin amsar, wato ɗan ƙaramin abin kunnawa da ke tayar da babbar fashewa daga nesa. Sauran rabin ya zo masa da tsada. Ranar 3 ga Satumban 1864 rumfar gwajinsu da ke Heleneborg a Stockholm ta tarwatse, mutum biyar suka mutu, ciki har da ƙaninsa Emil mai shekara 20. Ba a jima ba mahaifinsu ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, bai kuma sake miƙewa sosai ba har rasuwarsa a 1872. Hukuma ta hana irin wannan gwaji a cikin gari, Alfred ya mayar da aikinsa kan wani kwale-kwale a tafkin Mälaren.

Bai janye ba. Ya kafa kamfani a wannan shekarar, ya buɗe wata masana'anta a Krümmel kusa da Hamburg ta Jamus, ita ma ta tashi a 1866. A can ne ya gano cewa idan aka jiƙa wata farar ƙasa mai laushi da wannan ruwa, tana shanye shi kamar soso, ta zama curi da za a iya mulmulawa, a ɗauka, a yi tafiya da shi ba tare da fargaba ba. A 1867 ya yi wa ƙirƙirar rajista da sunan dainamait, daga kalmar Girkanci mai ma'anar ƙarfi. A 1875 ya fito da wata nakiyar mai kama da ƙaro wadda ta fi ta farko ƙarfi, a 1887 kuma ya ƙera albarushi marar hayaƙi.

Duniya na cikin zamanin shimfiɗa layin dogo da haƙar ma'adinai, don haka kasuwa ta buɗe. Da dainamait aka huda dutsen Gotthard a Suwizalan, aka yi ramin jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 15 wanda aka buɗe a 1882. Wannan zamani na dogo da ma'adinai shi ne ya iso ƙasarmu daga baya, ya mayar da Kafanchan mahaɗar jiragen ƙasa a shekarun 1920, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos ta masu kuza. Kafin Nobel ya rasu yana da rajistar ƙirƙira 355 da masana'antu kusan 90 a ƙasashe sama da 20.

Dukiyar ba ta kawo masa natsuwa ba. Bai taɓa aure ba. Ya zauna a Paris daga 1873, ya koma San Remo ta Italiya a 1891 bayan saɓani da gwamnatin Faransa kan sayar wa Italiya albarushinsa. A 1876 wata mata 'yar Ostiriya, Bertha Kinsky, ta yi masa aikin sakatariya na ɗan gajeren lokaci kafin ta tafi ta yi aure ta zama Bertha von Suttner. Ta zama jigo a fafutukar hana yaƙi, suka ci gaba da musayar wasiƙu har ƙarshen rayuwarsa. Mutumin da ke tattauna zaman lafiya da ita shi ne kuma ya sayi masana'antar makamai ta Bofors a 1894.

Ciwon kan ranar Litinin

A masana'antun nakiya an daɗe da sanin wani abin mamaki. Sabon ma'aikaci kan yi fama da ciwon kai da jiri a kwanakinsa na farko, sannan jikinsa ya saba. Idan ya yi hutun ƙarshen mako ya dawo, ciwon sai ya dawo sabo, har aka riƙa kiransa ciwon ranar Litinin. Nobel kansa ya sha wannan ciwon kai shekara da shekaru. Dalilin shi ne sinadarin na shiga jiki ta fata da numfashi, ya buɗe jijiyoyin jini, har da na cikin kai.

Likitoci sun hango amfani a nan. Akwai ciwon ƙirji mai matsewa kamar an ɗora wa mutum dutse, wanda ke tasowa idan jijiyoyin da ke ciyar da zuciya suka ƙuntace, jinin da ke isa gare ta ya gaza. A 1867, shekarar da aka yi wa dainamait rajista, wani likita a Edinburgh, Thomas Lauder Brunton, ya nuna cewa wani sinadari ɗan uwan wannan yana sauƙaƙa ciwon. A 1879 William Murrell na Landan ya wallafa sakamakon ba marasa lafiya naitirogilisarin da aka tsarma sosai. Har gobe ƙwayar da ake sa wa mai irin wannan ciwo a ƙarƙashin harshe daga wannan sinadari take.

Nobel na da sha'awar ilimin jiki. A 1890 ya ɗauko wani matashin masani daga cibiyar Karolinska, J. E. Johansson, ya yi watanni a ɗakin gwajinsa da ke Sevran kusa da Paris yana binciken ƙarin jini. Amma da nasa ciwon ƙirjin ya tsananta, likitocin Paris suka rubuta masa naitirogilisarin, abin ya zo masa a matsayin wasan ƙaddara. A wata wasiƙa ta Oktoban 1896 ya bayyana mamakinsa, ya kuma ambata cewa an sauya wa maganin suna zuwa Trinitrin don kada masu kantin magani da jama'a su firgita. Kwamitin da ke ba da kyautar likitanci ya ruwaito a 1998 cewa ya ƙi shan maganin, domin ya san ciwon kan da yake jawowa, bai kuma yarda zai iya kawar da ciwon ƙirji ba.

Wasiyya da amanar hadimi

Ranar 27 ga Nuwamban 1895, a Paris, Nobel ya sa hannu kan wasiyyarsa ta ƙarshe, wadda ya rubuta da kansa ba tare da lauya ba. Ya ware kusan kashi 94 cikin 100 na dukiyarsa, kimanin kurona miliyan 31, domin a juya, a riƙa raba ribar kowace shekara a fannoni biyar: fiziks, kimiyyar sinadarai, likitanci, adabi da zaman lafiya. Ya shardanta cewa kada a dubi ƙasar da mutum ya fito. Ranar 10 ga Disamban 1896 jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwarsa, ya rasu a San Remo yana da shekara 63, babu ɗan uwa ko ɗaya a kusa, sai ma'aikatan gidansa.

Wasiyyar ta tayar da ƙura. Wasu dangi sun garzaya kotu, Sarki Oscar na Biyu bai so kuɗin ƙasar su riƙa tafiya hannun baƙi ba, hukumomin da aka ɗora wa alhakin zaɓen gwanaye ma ba a tuntuɓe su tun farko ba. Nauyin ya faɗa kan mutum biyu da ya naɗa masu zartarwa, musamman hadiminsa Ragnar Sohlman, injiniya ɗan shekara 26. Da ya ga alamar kotunan Faransa za su iya riƙe dukiyar, Sohlman ya kwashe takardun hannun jari daga bankunan Paris cikin keken doki, da ƙaramar bindiga a hannunsa, ya aika da su waje. Ya shafe shekaru yana sasanta dangi da hukumomi har aka kafa Gidauniyar Nobel a 1900, aka fara ba da kyautar a 1901. Bertha von Suttner ta karɓi ta zaman lafiya a 1905. Duk wanda ke riƙe da fayil ɗin maigida a ofis zai gane cewa da wannan matashi ya yi sakaci, da wasiyyar ta tsaya a takarda.

Amsar da ke cikin bangon jijiya

Likitoci sun yi kusan shekara 100 suna ba da maganin ba tare da sanin yadda yake aiki ba. A 1977 Ferid Murad a Amurka ya nuna cewa naitirogilisarin na sakin wata iska mai suna naitirik oksaid, ita ce ke sa tsokar da ta kewaye jijiya ta saki, hanya ta buɗe.

Kowace jijiyar jini, daga babba har ƙarama, cikinta a shafe yake da shimfiɗar ƙwayoyin halitta mai kauri ɗaya tak, kamar yaɓen cikin randa, wadda masana ke kira endotiliyam. An daɗe ana ɗaukar ta a matsayin shafe kawai. A 1980 Robert Furchgott na New York ya lura cewa jijiyar zomo na buɗewa idan an zuba mata wani sinadari, amma idan aka goge wannan shimfiɗa ko da bisa kuskure ne, sai ta ƙi. Ashe ƙwayoyin shimfiɗar ne ke aika wa tsoka saƙon ta saki. A 1986, shekarar Soyinka, Furchgott da Louis Ignarro suka bayyana, kowa da nasa binciken, cewa saƙon shi ne naitirik oksaid. Salvador Moncada da abokan aikinsa a Ingila suka tabbatar da haka a 1987. A 1998 aka ba Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel ta likitanci. Abin da Nobel ya ƙi sha, kwaikwayo ne na abin da lafiyayyar jijiya ke haɗa wa kanta a kowane lokaci.

Wannan iska na hana jini daskarewa a inda bai kamata ba, tana hana ƙwayoyin jini mannewa a bango, tana kuma daidaita ƙarfin bugun jini. Sai dai rayuwarta daƙiƙoƙi ce kawai, kuma tana da maƙiyi. Yayin da jiki ke ƙona abinci da iskar oksijin, wani ɓangare na oksijin ɗin kan rikiɗe ya zama sufa'oksaid, mai cin abin da ya taɓa kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Da zarar ya haɗu da naitirik oksaid sai ya kashe ta, su biyun su zama wani sinadari mai lahani ga bangon jijiya.

A nan masu gadi ke shigowa. Enzayim wani furotin ne da jiki ke ƙerawa domin hanzarta aiki ɗaya tak. A 1969 Joe McCord da Irwin Fridovich na Jami'ar Duke suka gano wanda ake taƙaita sunansa da SOD, suka ciro shi daga jinin shanu. Aikinsa shi ne kama sufa'oksaid ya mayar da shi haidirojin feroksaid, ruwan nan da ake wanke rauni da shi. SOD iri uku ne a jikin mutum: biyu na aiki da jan ƙarfe da zink, ɗaya da manganis, kuma ɗaya daga cikinsu ya fi yawa a bangon jijiya. Daga nan wasu biyu ke karɓa, katales da gulutatayon feroksides mai buƙatar seleniyam, su mayar da feroksaid ɗin ruwa. Kumfar da ke tashi idan an zuba haidirojin a kan rauni aikin katales ne da ke cikin jini. A 1986 aka nuna a ɗakin gwaji cewa idan an ƙara SOD, saƙon shimfiɗar jijiya na daɗewa kafin ya mutu.

Idan sufa'oksaid ya fi ƙarfin masu gadin, naitirik oksaid na raguwa, jijiya ta ƙi buɗewa yadda ya kamata, kitse da ƙwayoyin kumburi su fara taruwa a bango. Hawan jini da ciwon suga da hayaƙin taba duk suna ƙara yawan sufa'oksaid, kuma wannan lalacewa kan fara shekaru kafin mutum ya ji ciwo. Sabon da jikin ma'aikatan Nobel ke yi ma ya samu bayani: bincike a shekarun 1990 ya nuna cewa yawan naitirogilisarin ba hutu na sa jijiya ta ƙara fitar da sufa'oksaid, ƙarfin maganin ya dushe. Shi ya sa likitoci ke tsara wa masu shan irin wannan magani sa'o'in hutu a kowace rana.

Daga Stockholm zuwa gida

Labarin ya taɓa gidajenmu ta fuskoki da dama. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila, kuma a wannan cuta jajayen ƙwayoyin jini na fashewa, abin da ke cikinsu ya zube ya cinye naitirik oksaid, jijiyoyi su matse. Akwai kuma ƙarancin enzayim ɗin G6PD da ake gada, wanda ya yawaita a tsakanin mazan Afirka ta Yamma. Shi ne ke samar wa wasu masu gadin makamashin aiki, don haka ƙwallon kafur da ake sawa cikin kayan jarirai na iya farfasa jinin yaron da ke da wannan ƙaranci, ya jawo masa shawara mai tsanani.

Kasuwa ta cika da ƙwayoyi da garin ganye da ake tallatawa da sunan antioksidan, ana kawo su har cikin ofisoshi. An gwada wannan fata a manyan bincike. A Birtaniya an bi mutum fiye da 20,000 na tsawon shekara biyar, aka wallafa sakamako a 2002: ƙwayoyin bitamin E da C da bita-karotin ba su rage bugun zuciya ko shanyewar jiki ba. Cittar Kudancin Kaduna abin alfahari ce, tana kuma ɗauke da sinadaran da ke nuna irin wannan ƙarfi a ɗakin gwaji, amma shayin citta ba ya maye gurbin maganin hawan jini da likita ya rubuta.

Abin da aka tabbatar yana ƙarfafa masu gadin shi ne motsa jiki. Idan jini na gudu da sauri a kan shimfiɗar jijiya, ƙwayoyinta na ƙara ƙera naitirik oksaid da SOD. Dattijon da ke taka sawu zuwa gona a gindin duwatsun Kagoro na samun wannan a cikin aikinsa na yau da kullum, ɗansa da ke wuni a kujera a sakatariyar tarayya, ya kuma yi sa'o'i a cunkoson Nyanya, sai ya nema da gangan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da gishirin da bai kai giram 5 ba a rana, wanda ya haɗa da na cikin dunƙulen miya. Mai shan ƙwayar ƙarƙashin harshe kuma ya sani cewa haɗa ta da Viagra ko makamantanta na iya faɗar da jini warwas har a rasa rai, domin hanya ɗaya suke bi.

Nobel ya ga mahaifinsa a kwance da shanyewar jiki, shi ma jijiya ce ta yi ajalinsa, a zamanin da likita ba shi da ingantaccen maganin hawan jini da zai ba shi duk da miliyoyinsa. A shekarar da ya rasu ne wani likitan Italiya, Scipione Riva-Rocci, ya fito da na'urar awon jini mai ɗamarar da ake ɗaurawa a dantse. Jikokin wannan na'ura na nan a asibitoci da kantunan magani daga Abuja har Kafanchan, awon kuma bai wuce minti biyar ba. Mai shirin tafiya gida a wannan Disamba zai iya auna nasa kafin ya hau mota, ya kuma kai iyayensa a auna su idan ya isa.